Ɗigon Shayi a Rigar Ado

Litinin, 2 ga Oktoba, da hantsi

Shayi yake sha.

Na ɗauko rigarsa ta aiki zan jefa a injin wanki, sai ga ɗigo-ɗigo a ƙirji. Na shinshina kamar karya. Shayi ne mai kauri, irin na Buzaye, har da na'a-na'a. Shekara talatin ke nan da muka shiga cocin Mormon a Jos, kuma tun ranar da muka fito daga ruwan baftisma muka bar shayi da kofi, saboda dokar ci da sha ta coci haka ta ce. Mutumin da a Wusasa teburin mai shayi ne ofishinsa, ya koma Milo kamar ɗan yaye, bai taɓa ƙorafi ba. Sai yanzu.

A ƙarshen watan nan za a ɗaura auren 'yarmu Murna da Kwaku a haikalinmu na Manhattan. Ba ɗaurin coci ba, ɗaurin har abada da muke kira hatimi. Ba mai shiga ɗakin sai da kati, ba a ba da kati sai bishof ya zaunar da kai ya yi maka tambayoyi: ka gaskata, kana bin shugabanni, kana kiyaye dokar ci da sha. Katin Ado ya ƙare a watan jiya. Kuma shi ne zai zauna a kujerar shaida, a matsayin uban amarya.

Ga shi na rubuta sunansa. Da Inna tana raye da ta ce na zubar da kunya, mace ba ta kama sunan miji. Ado. Ado. Ado.

Talata, bayan magariba

Ya dawo da tasinsa daga filin jirgin JFK na shimfiɗa masa rigar a kan teburin cin abinci, inda ya saba samun tuwo.

"Baban Murna, mene ne wannan?"

Ya duba, ya ce, "Shayi ne."

Ko ƙarya bai girmama ni da ita ba. Wai Mahaman, wani direba ɗan Nijar, yana ɗora 'yar butarsa a filin da suke jiran fasinja, wata rana ya miƙo masa kofi kamar yadda yake miƙowa kullum, shi kuma sai ya ga hannunsa ya karɓa. Hannunsa! Tun Ista ke nan.

Na ce to shi ke nan, a daina, a gaya wa bishof an yi tuntuɓe, a tuba, lokaci bai ƙure ba. Sai ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Ladi, shayin ne ƙarami."

Ranakun Alhamis da yake cewa yana jiran jirgin Accra, ba jirgi yake jira ba. Wani ɗaki yake zuwa a Harlem, saman wurin wanki, inda masu shakka suke taruwa. Mormon ne dukkansu, ko kuwa dā Mormon ne. Wai "taimakon juna". Na san irin wannan taimako. Haka ake taimaka wa mai tsayuwa a bakin rijiya, a riƙe masa takalmi.

Alhamis, da yamma

Ya tafi. Ya ma yi min sallama.

Asabar, da safe

Jiya ya kawo min hujjarsa, a waya, yana miƙo min kamar wanda ya tono gawa. Cewa kafin 1978 coci ba ta ba baƙar fata muƙamin firist, ba ta barin su shiga hidimomin haikali. Cewa akwai manyan da suka koyar da cewa fatarmu alamar la'ana ce, yanzu kuma coci ta ce ba ta yarda da waɗancan bayanai ba.

"Ba maƙiya suka rubuta ba, Ladi. A shafin coci yake. Ina ɗan shekara goma sha biyu ina kiwon akuyar Baba a Wusasa, ashe ban cancanci ƙofar ba, ni ban ma san akwai ƙofar ba."

Ni yake karanta wa tarihi. Ni da na koyar da tarihi a sakandare shekara goma sha ɗaya kafin mu zo ƙasar nan, ni da nake jera littattafai a laburaren unguwa tun safe har yamma. Yana tsammanin na jira shafin coci?

Na ce masa kowane gida yana da ɗakin da ake jibge tarkace. Ya ce ya sani, amma shi an ce masa wannan gidan Allah ne ya gina da hannunsa.

Na tashi na duba wake.

Lahadi, bayan coci

Ya zo coci, ya zauna kusa da ni, ya rera waƙa. Da aka zo da gurasar jibin Ubangiji ya miƙo min faranti bai ɗauka ba. Sista Akosua, uwar Kwaku, tana layin bayanmu, kuma matar nan idonta ko allura ta faɗi a Kumasi sai ta gani daga Bronx.

A bakin ƙofa ta kama hannuna da Hausarta ta Zongo: "Ƙawata, suruki na lafiya? Na gan shi bai ci ba."

Na ce ciki ne ke damunsa.

"Ayyo. Ya sha magani maza. Baban Kwaku ya sayi farin taye biyu, ɗaya nasa, ɗaya na Brada Ado. Shaidu biyu, taye iri ɗaya!"

Na yi dariya. Har da tafa hannu na yi.

Talata, 10 ga wata, da la'asar

Nawa katin ma ya kusa ƙarewa. Na je. Bishof ya tambaya, na amsa. An sa hannu.

Laraba, da safe

Abin da na roƙe shi ba shi da yawa. Na ce ka shiga, ka ce e, e, e, ka fito. Ka zauna a kujerar, 'yarka ta ɗago kai ta gan ka. Washegari in ka ga dama ka yi wanka da shayi.

Ya ce ba zai iya kallon mutum ido da ido ya yi masa ƙarya a kan Allah ba.

Wata shida yana kallona ido da ido yana ce min jirgin Accra! Gaskiyar tasa ta yi barci tun Ista, ba ta farka ba sai da aka buga katin gayyata. Su suka koya masa wannan. Kalmar ma ba tasa ba ce, "zama kai na gaskiya". Ado da na sani bai taɓa neman kansa ba, ya san inda ya ajiye shi.

Gobe zan je in ga masu riƙe takalmin.

Juma'a, 13 ga wata, kafin in fita aiki

Na je. Bai hana ni ba, ya ma biya min jirgin ƙasa.

Ɗaki ne mai warin sabulun wanki, kujerun roba a zagaye, mutum kamar goma sha biyar. Abin da na fara gani a kan tebur: tulun kofi, ƙato, yana tururi. Mai jagorancin wani baƙar fata ɗan Amurka ne, Hakeem, dogo, mai magana a hankali kamar ma'aikacin asibitin mahaukata. Ya yi wa coci aikin mishan shekara biyu yana saurayi. Ya tarbe ni ya ce, "Nan ba ma ce wa kowa ya fita, ba ma ce wa kowa ya zauna."

Na nuna tulun na ce, "Wannan fa? Shi ma bai ce komai ba?"

Ya yi dariya, ya ce akwai ruwan lemo. Akwai kuwa, kwali ɗaya, ɗan ƙarami, a bayan tulun, kamar maraya.

Aka fara zagaye. Wata yarinya 'yar Utah ta ce mahaifiyarta ta daina ɗaga wayarta. Ta yi kuka, kuma kukan gaske ne, ba zan yi mata ƙarya ba. Wani ya ce a makon nan ya rubuta a cire sunansa daga rajistar coci. Aka yi tafi. Wata ta ce ta sayi rigar da ba ta da hannu karo na farko a rayuwarta. Aka yi tafi. Ado ya ce shi har yanzu yana tsakiya. Suka gyaɗa kai da tausayi, irin gyaɗawar da ake yi wa mai jinya da bai gama warkewa ba.

Da aka zo kaina na miƙe, ko da yake ba a miƙewa. Na ce sunana Ladi, na karanta duk abin da kuka karanta, wasu tun kafin a haifi rabinku, kuma ranar Lahadi ina coci, Lahadin sama ma ina coci.

Ba wanda ya tafa. Injin wanki na ƙasa kaɗai ke juyi.

Na ce, "To ina tafin nawa?"

Sai wani tsohon Bature a lungu, mai sanda, ya ajiye sandar ya tafa. Shi kaɗai. Daga baya ya gaya min shi ma bai fasa zuwa coci ba, shi ne ma mai kaɗa piyano a reshensu, nan yake zuwa don ya faɗi abin da ba ya iya faɗa can. Na ce shekara nawa kana zuwa? Ya ce shida. Na ce cikin waɗanda ka tarar, nawa suka rage a coci? Ya yi murmushi ya nuna ƙirjinsa.

Hakeem ya biyo ni har matakala. Ya ce, "Mama, maganarki a kan tafin nan gaskiya ce, zan yi tunani a kai. Amma mutanen nan ba mu muka fito da su ba. A waje muka same su, cikin sanyi."

Na ce, "Kun same su a waje kun hura musu wuta. In waje ya yi ɗumi wa zai koma ciki?"

Ya ce, "In mun bar su cikin sanyin, komawa suke yi?"

Ban tsaya ba. Ina da jirgin da zan kama.

Juma'a, da rana

Abin da ya fi ƙona min rai, suna da kirki.

Lahadi, 15 ga wata, da yamma

Ya gaya wa Murna. Ta zo cin abinci daga Queens da jakar kayan ɗinki, ya bari ta gama ci, sannan ya faɗa mata da Hausa, a hankali, ita kuma tana amsawa da Turanci kamar yadda ta saba.

Ya zo da shawara. Wai yanzu doka ta sauya, ana iya ɗaura aure a waje kowa ya halarta, sannan ango da amarya su shiga haikali a yi hatimi ba tare da jiran shekara ba. Gaskiya ne, an sauya. A ɗakin Harlem aka tuna masa. Sun fi mu sanin dokokinmu, kamar yadda tsohuwar mata ta fi kowa sanin jadawalin tsohon miji.

Murna ta ce tun tana ajin yara ake nuna mata hoton haikali ana cewa nan za ki yi aure, kuma shi ne mai nuna mata. Ta ce, "Daddy, kai ka koya min. Kai ka yi min baftisma." Sai ta juyo gare ni, da Hausa wannan karon, Hausarta mai ɗingishi: "Mama, ki sa shi."

In sa shi. Kamar rigar sanyi.

Ta tafi ta bar jakar ɗinkin.

Talata

Ba mu yi magana ba.

Laraba

Ba mu yi magana ba. Ya gyara famfon kicin da na yi wata uku ina roƙo.

Alhamis, 19 ga wata, da safe

Yau na yi magana, na yi da yawa. Na kira shi matsoraci, na kira shi mai son kai, na ce wanda ya ɗauki iyali ya kai su cikin ruwa ba shi da ikon fitowa shi kaɗai ya shanya rigarsa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ladi, ba don Murna kaɗai kike wannan fushin ba."

Sai ya faɗi sunan. A kicin, da bakinsa, yana riƙe da cokali.

Ba a kama sunan ɗan fari. Haka aka tashe mu, ko a coci ko a masallaci. Shekara huɗu da ta yi a duniya ban kira ta da sunanta ba ko sau ɗaya, "ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", kada a ce ba ni da kunya. Zazzaɓin kwana biyu. Ina tsammanin akwai lokaci.

A Aba, shekarar da aka buɗe haikali, mun kwana a mota daga Jos. Muka durƙusa da fararen kaya, Murna tana 'yar mitsitsiya, wata baiwar Allah da ban sani ba ta durƙusa a madadin waccan, ta ɗora hannunta a kan namu. Aka ce an ɗaure mu, mu huɗu, har abada. Hannun matar yana da sanyi da laushi.

Ya ce, "Ni ma ina son in gan ta. Amma ban yarda sai da kati Allah zai nuna min 'yata ba."

Na jefe shi da ludayi. Ban same shi ba.

Ba zan ƙara rubutu a kan wannan ba.

Asabar, da hantsi

In igiya ta ɗaure mutum huɗu, ɗaya ya zare, sauran ukun fa? Na san amsar da ke cikin littafin darasi. Na koyar da ita a ajin mata. Ba ita nake tambaya ba.

Lahadi, 22 ga wata, bayan coci

Ya shiga wurin bishof. Na zauna a benci a waje ina kallon allon sanarwa, na karanta jadawalin masu share coci har na haddace.

Sun daɗe. Da suka fito idon bishof ya yi ja, ya rungume shi a gabana, ya ce min, "Sista Ladi, mijinki mutumin kirki ne." Bishof ɗin ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai 'ya'ya biyar, ba a biyan sa ko sisi a kan wannan aiki. Na so a ce mugu ne. Na so a ce Hakeem mugu ne. Na zagaya ko'ina da fushina a hannu kamar tukunya mai zafi, na rasa inda zan dire.

Babu kati.

Ni na gaya wa Akosua. Ta ce, "To tayen fa?" Sai ta fashe da kuka. Ƙanin baban Kwaku zai zauna a kujerar.

Laraba, da yamma

Murna ta zo ɗaukar jakarta. Ta tarar da shi yana goge takalmin bikin. Ta tsaya a kansa ta ce, "Za ka zo dai?"

Ya ce, "Ina bakin ƙofa tun kafin ki iso."

Ta ɗauki ɗaya takalmin ta duba, ta ce bai fita ba, ya ƙara.

Asabar, 28 ga Oktoba, bayan an watse

An yi.

Ɗakin fari ne, madubi na fuskantar madubi, in ka duba sai ka ga kanka a jere har inda ido ya ƙare. Murna ta yi kyau har na ji haushi. Da ta durƙusa ta ɗago kai wajen kujerar shaida, ta san wanda ke kai, amma ta duba. Ƙanin baban Kwaku ya sunkuyar da kai, bawan Allah, sanye da tayen wani.

Na duba madubin ina ƙirga mu. Na daina.

Da muka fito kan titi, ga hayaniyar Broadway, ga iska mai sanyi, ga Ado a tsaye cikin babbar riga, wadda ya sa a ranar aurenmu, ta matse shi a ciki. Na yi zaton zan same shi shi kaɗai, kuma Allah ya sani na so in same shi shi kaɗai, ya ɗanɗana. Ba shi kaɗai ba ne. Hakeem yana nan cikin kwat. Yarinyar Utah tana riƙe da furanni. Mahaman ya ajiye tasi ya zo da hula. Har tsohon mai piyano, wanda katinsa na aljihu, da ya ga dama da ya shiga ya zauna cikin ɗumi, yana tsaye a kan sandarsa tun safe.

Murna ta ratsa mutane ta faɗa ƙirjin ubanta, ta ɓata masa riga da kwalliya. Tana dukan kafaɗarsa tana kuka, yana cewa, "Na sani, na sani, uwata." Akosua ta kalli baƙin ta raɗa min, "Su wane ne?" Na ce 'yan uwansa ne. Ta ce, "Har Baturen?" Na ce har shi.

Hakeem ya matso ya ce, "Barka, Mama." Na ce, "Ka ga abin da kuka yi?" Ya ce, "Na gani." Bai kare kansa ba. Na ce tunda kun zo sai ku wuce zauren biki a Tremont ku ci shinkafa, ba a zuwa bikin 'yata a koma da yunwa. Lemo kawai za a sha.

Sun zo. Sun ci sosai.

Lahadi, da sassafe

Ban yafe ba. In rubuta shi a sarari kada wata rana in manta: ban yafe wa Ado ba, ban yafe wa ɗakin Harlem ba, kuma akwai wasu da ban yafe wa ba waɗanda ba zan lissafa ba tunda anjima zan je in zauna a gabansu.

Yana barci. Jiya a wurin biki Mahaman ya damƙa min wani ƙunshi wai in ba shi, ganyen shayi ne da na'a-na'a. Na yi niyyar zubarwa. Ga shi a wuta. In zai sha, ya sha a gidansa a kofi mai tsabta, ya daina ɓata min riguna.

Na guga farar rigata ta coci. Kati na cikin jaka.

Ƙamshin ya cika kicin, irin na teburin Wusasa, lokacin da nake goye da ita ina aika a kira min shi. Ban sha ba. Na dai tsaya a kan tukunyar, ba kowa, na faɗi sunanta a hankali don in ji yadda yake a bakina.

Alheri.